Wai fim ɗin tsoro na gem da waya ya fi na fatalwa firgitarwa?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Ni dai yau sai na faɗa ko za a yi min caa, fim ɗin tsoro na fatalwa da kangon gida ya zama tsohon yayi, wanda yake kaɗa hanjin mutum yanzu shi ne na gem da waya. Jiya da daddare na sake kallon Stay Alive na 2006, wanda in ka mutu a cikin gem irin mutuwar nan ce za ta same ka a zahiri, wallahi da na gama sai da na kife wayata na tura ta ƙarƙashin katifa sannan na iya barci. Kango ai ba ka shiga in ba ka so, waya kuwa tana aljihunka.

Mai Gyaran Waya: Ƙanena ka kalla da kyau kuwa? Waye yake kisan a fim ɗin? Ba gem ba ne fa, fatalwar Elizabeth Bathory ce, matar nan ta ƙasar Hungari da ta mutu tun 1614. Haka Ringu na Japan na 1998, kaset ɗin bidiyo ne in ka kalla bayan kwana 7 ka mutu, amma mai kisan yarinya ce da aka jefa rijiya. Fatalwar ce dai ta sake gida, ta bar kango ta koma kaset, daga kaset ta koma waya, ni ban ga sabon abu ba.

Anti Malama: A'a Malam, sake gidan nan fa shi ne maganar gaba ɗaya. Ka tuna yadda ake tsira a Ringu? Sai ka kwafi kaset ɗin ka ba wani ya kalla, wato ka ɗora wa wani mutuwarka. To ba shi ne saƙon nan da ake turo mana ba kullum, tura wa mutum goma in ba haka ba kaza zai same ka? Kuma wa ya manta 2011 da aka ce akwai lamba 09141 in ta kira ka ka ɗauka shi ke nan sai gawa. Mahaifiyata a lokacin kashe wayarta ta yi, ta naɗe ta a ɗankwali ta sa a cikin kwalla ta rufe, kwana uku yayana na kira daga Legas ba ya samu har ya ɗauka wani abu ne ya faru ya kamo hanya. Sai da hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fito ta ce ƙarya ne, kira ba ya kashe mutum. Ita ba ta taɓa kallon fim ɗin Japan ba a rayuwarta amma tsoron iri ɗaya ne.

Ɗan Fagge: Yawwa Anti, Allah ya biya ki, abin da nake son faɗa kenan bakina bai iya ba.

Mai Gyaran Waya: Amma ai kin faɗa da kanki, ƙarya ce. Ba wanda lambar ta kashe.

Nas Ɗin Dare: Ku ba ni dama in sa baki, yanzu na dawo daga aiki. Allo yana iya kwantar da mutum fa, ya faru. A Disambar 1997 an nuna wani kashi na katun ɗin Pokémon a Japan, akwai wurin da haske ja da shuɗi suke walƙiya da sauri na ƴan daƙiƙoƙi, daren nan yara 685 aka kwasa zuwa asibiti, wasu da farfaɗiya wasu amai da jiri, sai da aka dakatar da shirin wata huɗu. A 2005 kuma a birnin Daegu na Koriya ta Kudu wani matashi ɗan shekara 28 ya zauna a shagon intanet yana buga gem ɗin StarCraft kusan awa 50, ba barcin kirki ba abincin kirki, ya yanke jiki ya faɗi, zuciya ta tsaya. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem a jerin cututtuka. Sai dai ba tsinuwa ba ce kamar a fim, jiki ne yake gazawa.

Mai Gyaran Waya: To kin ga nan nake. Ainihin yadda na'ura take cutarwa ba shi suke nunawa ba, don ba wanda zai biya kuɗi ya kalli mutum zaune awa 50. Ni a shago ina ganin batir ya kumbura ya ɗaga gilashin waya kamar burodi, mai ita kuma ya ce da ita yake kwana tana caji a kan filo, kuma duk mun san wayar Galaxy Note 7 a 2016 har jirgin sama aka hana shiga da ita saboda kamawa da wuta. Wannan shi ne abin da yake hana ni barci, ba yarinya mai fitowa daga talabijin ba.

Ɗan Fagge: Yaya na yarda da batun batir, amma ka gwada fim ɗin Host na 2020 ka dawo mu yi magana. Lokacin kullen korona aka yi shi, gaba ɗaya a kan Zoom, bai ma kai awa ɗaya ba, kuma ka kalle shi a laftof kai kaɗai da iyafis a kunne, za ka ji kamar kai ma kana cikin kiran, har ka riƙa leƙa bayanka. Fim ɗin kango bai taɓa sa ni haka ba.

Mai Gyaran Waya: Shi ma ai aljani suka kira a ciki.

Ɗan Fagge: Eh amma ta Zoom ya zo musu!

Anti Malama: Nas don Allah ƙanwata, maganar farfaɗiyar nan ta tsaya min a rai. Ɗana ɗan shekara 11 kullum bayan Islamiyya yana shagon gem na layinmu, ɗaki ne duhu ba taga, su kusan goma gaban talabijin ɗaya, kuma sau biyu yana dawowa yana cewa kansa na sara idonsa na ganin walƙiya. In kai shi asibiti ne ko in hana shi kawai?

Nas Ɗin Dare: Anti ki kai shi a duba, ki faɗa wa likita daidai yadda kika faɗa mana, har da duhun ɗakin da walƙiyar. Kafin nan ya ɗan huta da shagon.

Anti Malama: To na gode, gobe in sha Allahu da safe za mu je.