Furotin ɗina yana raguwa a matatar Amicon: ina yake tafiya?

Ɗalibar digiri na biyu: Assalamu alaikum. Ina tsarkake wani furotin mai nauyin kDa 45 (kDa ma'aunin nauyin ƙwayar furotin ne), wanda nake fitarwa daga ginshiƙin nikel (bututun da ke kama furotin ɗin) da imidazol (sinadarin da ke sako shi) mai ƙarfin mM 250. Na zuba mililita 10 a Amicon Ultra-15 (matatar da ke tsiyayar da ruwa ta riƙe furotin) mai tantanin kDa 30, na juya shi a sentirifuj (na'urar juyawa da sauri) minti 40 ba tsayawa har ya koma mikirolita 300, amma da na auna sai na tarar kusan rabinsa ya ɓace, ga kuma wani farin guda-guda kwance a gindin matatar. Don Allah, ina kuskuren yake, kuma ta yaya zan raba shi da imidazol?

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Wa alaikumus salam, Malama. Da fatan ba ki zubar da ruwan da ya tsiyaye ƙasa ba, domin shi za ki fara aunawa da gwajin Bradford ko ki ɗora shi a SDS-PAGE, gwaje-gwajen da za su nuna ko furotin ɗin ya bi ruwan. Lambar da ke jikin matata ba katanga ba ce, tunda ramukan tantanin ba girmansu ɗaya ba, shi ya sa ake zaɓar wadda ta gaza nauyin furotin sau biyu zuwa uku. Ga kDa 45, mai kDa 10 ce ta fi aminci, ko da yake za ta ɗan ci miki lokaci.

Wani malami: Ni farin gudan nan ne ya fi damuna. Yayin da ake juyawa, furotin yana taruwa ne a jikin tantanin, inda kaurinsa ke wuce na sauran ruwan nesa ba kusa ba, kuma a nan yake dunƙulewa tun kafin ki lura. Ki riƙa juyawa minti biyar zuwa goma a sanyin digiri 4, ki tsaya, ki gauraya a hankali da fifet (bututun ɗiban ruwa) ba tare da bakinsa ya taɓa tantanin ba, sannan ki ci gaba. Batun imidazol kuwa lissafi ne: idan kika rage mililita 10 zuwa 1, kika cika da sabon bafa (ruwan da ke riƙe pH daidai), ya ragu sau goma, don haka zagaye uku zai sauko da shi daga 250 zuwa 0.25. Ki canza bafan tukuna, matsewa ta ƙarshe ta biyo baya, kuma kada ki zare gishiri gaba ɗaya. NaCl mM 150 ko giliserol kaɗan yakan hana dunƙulewa.

Ɗalibar digiri na biyu: Na gode, Malam. Na duba ruwan ƙasan, furotin kaɗan ne a ciki, ashe yawancinsa dunƙulewa ya yi. Bafan nawa babu gishiri ko kaɗan, kuma pH ɗinsa yana dab da pI na furotin ɗin, wato pH ɗin da cajinsa ke zama sifili, inda ya fi saurin dunƙulewa. Gobe zan sake gwadawa da pH 8 da NaCl, zan kuma fara ɗauraye matatar da bafa.