In masu rinjaye sun yanke hukunci, shi ke nan babu mai magana?

Baban Hafsat, Kano:
Assalamu alaikum. Ni tela ne, shekara 19 ina ɗinki a layi ɗaya. Makon jiya ƙungiyar masu shagunan layinmu ta zauna kan kuɗin gyaran taransifoma. Aka ɗaga hannu, mutum 41 suka ce kowa ya biya daidai wa daida, mu 9 muka ce a'a. Ni keken ƙafa gare ni da ƙwan fitila ɗaya, maƙwabcina injin niƙa da firiza biyu. Wannan ma da na haƙura. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sun ƙara da cewa duk wanda bai biya ba za a garƙame masa shago da kwaɗo. Da na yi magana aka ce, "An yi ƙuri'a, dimokuraɗiyya ke nan." To jama'a, mene ne bambancin wannan da mulkin soja? Zamanin Abacha mutum ɗaya ke cewa a rufe, yanzu mutum 41. Ni dai kwaɗon ɗaya nake gani.

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam, Baban Hafsat. Mu a Nijar mun ga irinta da idonmu. A 2009 Tandja Mamadou ya nemi tazarce, kotun tsarin mulki ta ce ba ya halatta. Sai ya rushe majalisar dokoki, ya rushe kotun, ya shirya zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta. Aka ce sama da kashi 92 cikin 100 sun amince, alhali 'yan adawa sun ƙaurace. Ƙuri'a dai an yi, amma sai da aka ture duk mai ikon cewa a'a. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 soja suka kifar da shi. Har yau ina jin zafin abin, don mutumin ya yi wa talakan karkara aiki.

Malama Asabe, Zariya:
Malam Baban Hafsat, ba ka da laifi da ka ji ciwo, amma akwai bambanci. Rinjaye yana da hurumin yanke nawa za a tara. Ba shi da hurumin taɓa dukiyarka. Ko tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai sakar wa masu yawa linzami ba. Shugaban ƙasa sai ya samu kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi, don kada yanki ɗaya ya danne saura. Babi na huɗu, na haƙƙin ɗan Adam, ba a gyara shi sai da kashi huɗu bisa biyar na 'yan majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Ka kuma tuna 2006: jam'iyyar Obasanjo ce da rinjaye a majalisar dattawa, duk da haka suka binne zango na uku. A ƙarƙashin soja wa za ka kai wa ƙara? Dokar soja kan zo da sharaɗin cewa kotu ba ta da hurumin sauraronta. Ka nemi kundin ƙungiyarku ka duba ko ya ba su ikon rufe shago.

Sadiq:
Malama, a takarda haka ne. Talaka nawa ke da kuɗin lauya? Kafin kotu ta zauna, ɗinkin sallah ya wuce shi.

Baban Hafsat, Kano:
Sadiq, gaskiyarka, shi ya sa ba kotu zan fara zuwa ba. Malama, Allah ya saka da alheri. Na karɓo kundin wajen sakatare, shafi shida ne, babu maganar kwaɗo a ciki ko ɗaya. Mu 9 mun rubuta takarda a raba kuɗin gwargwadon wutar da kowa ke sha, mutum 4 daga cikin 41 ɗin sun sa hannu. Ranar Asabar bayan la'asar za mu kai wa shugaba, da mai unguwa a zaune.