Neman kalmar Hausa: me za mu kira tsatsar galbanik?

Malamai da 'yan uwa masu aikin bututu, ina neman shawararku kan wata kalma. A masana'antu da manyan gine-gine, idan aka ɗaura bututun jan ƙarfe kai tsaye da na baƙin ƙarfe, ruwa na bi ta ciki, ba a daɗewa bakin mahaɗar zai fara ɗiga. Injiniyoyi na kiran wannan cin ƙarfe da sunan galbanik, daga sunan Luwiji Galbani, masanin Italiya da ya wallafa bincikensa kan lantarki a jikin kwaɗi a 1791.

Abin da ke faruwa shi ne, ƙarafa biyu mabambanta da suka taɓa juna cikin ruwa sun zama ƙaramin batir. Ɗaya yana narkewa a hankali, ɗayan yana nan garau. Tsakanin jan ƙarfe da baƙin ƙarfe, baƙin ne ke shan wuya. In ruwan na da gishiri abin ya fi sauri, in kuma ƙarfen da ake ci ɗan ƙarami ne kusa da babba, kamar ƙusar baƙin ƙarfe a faffaɗan jan ƙarfe, to nan da nan ya rube. Mutum-mutumin 'Yanci na Amurka ma bai tsira ba: a gyaran 1984 zuwa 1986 sai da aka canza sandunan baƙin ƙarfen da ke riƙe da fatarsa ta jan ƙarfe.

Wani ɗan uwa ya kawo "tsatsar Galbani". Ta girmama mai ita, amma ba ta gaya wa yaron da ke riƙe da sifana komai. Wani ya ce "tsatsar lantarki". Wannan ina tsoronta, domin mai ji zai tafi neman wayar da ke zubar da wuta, alhali matsalar tana cikin haɗin.

Ni dai na tsaya a kan "tsatsar haɗin gambiza", a taƙaice "tsatsar gambiza". Duk Bahaushe ya san haɗin gambiza, an haɗa abin da bai dace da juna ba, kuma sunan na ɗauke da gargaɗinsa. Na san ƙarafa irin su alminiyon da tutiya, in sun lalace, farin gari suke yi ba jan tsatsa ba, amma bakin mutane ya riga ya faɗaɗa kalmar tsatsa.

Guntun tutiya ko magniziyom da ake maƙalawa don a ci shi a bar bututu, dabarar da masanin kimiyya Hamfiri Debi ya gwada a jiragen ruwan Ingila a 1824, wannan "ƙarfen fansa" ya zauna masa daram.

Saura mahaɗin nan mai roba a tsakiya, wanda ke hana ƙarafan biyu taɓa juna. Ina da "mahaɗin shamaki" a hannu. Masu ɗaura shi kullum, me kuke ce masa a wurin aiki?