Abinci mai maiƙo ga ɓerayen gwaji: in haɗa da kaina ko in ci bashi?

Ummu_Fisiyo: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu, ina duba ko abinci mai maiƙo yana ƙara wa ɓera alamun damuwa idan ana takura masa. Fararen ɓeraye ne nau'in Swiss albino, 'yan mako 8. Abincin waje, wanda kashi 60 na kuzarinsa daga kitse yake, ya fi ƙarfin aljihuna. In kwaɓa kitsen saniya da abincin kaji, ko in ci bashi?

Bazazzage: Wa alaikumus salam. Ki nemi ɓeraye nau'in C57BL/6, sun fi saurin ƙiba.

Ummu_Fisiyo: Malam, abinci fa nake tambaya.

Yaya_Labs: Ƙanwata, kar ki kwaɓa. Ni na yi. Zafin Afrilu ya sa kitsen wari, wasu suka ƙi ci suka rame. Waɗanda suka ci suka yi ƙiba, a gwajin iyo na minti 6 sai su yi lamo a kan ruwa. Na rubuta cewa sun karaya. Mai jarrabawar da aka gayyato ya ce kitse ne ke ɗaga su. Na ce ai sun rage shan ruwan sukari, ya ce ƙoshi ne, ba baƙin ciki ba. Haka na sake aikin daga farko, da kuɗin ɗinkina.

Bazazzage: Allah ya mayar da alheri. Ai ɓera ₦1,500 ne kawai.

Yaya_Labs: A wace duniyar? ₦3,500 na biya, ban da keji.

Ɗan_Garin_Kwaki: Ɓera na cin kitse, mu muna jiƙa gari. Wa zai auna tamu damuwar?

Dakta_M: Abincin kaji akwai waken soya, sinadaransa masu kama da estrogen (sinadarin jinsin mace a jiki) suna taɓa halin ɓera, kuma buhu ya bambanta da buhu. Dalilin tsarin AIN-93 ke nan, wato daidaitaccen haɗin abincin ɓerayen gwaji.

Bazazzage: Dakta, da girmanka, a Ingila ka yi naka. Mu da abincin kajin muka gama.

Dakta_M: Gamawa daban, a yarda da sakamakon daban.

Yaya_Labs: Ni janareton da ke jikin ɗakin dabbobinmu ya fi ci mini rai. Har rukunin da ba a takura wa ba, ba sa barci da rana. Kuma mu ake karɓar kuɗin mai.

Ɗan_Garin_Kwaki: Ku har mai ake saya? Mu firjinmu ya mutu da jinin ɓerayen a ciki.

Ummu_Fisiyo: To, kitsen fa?