Alkalumana na taitireshon sun ƙi zama, laifin soda ne ko na asid?

Malamin Kemistiri, Bolari:
Assalamu alaikum, malamai. Ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta nan cikin Gombe, ina shirya 'yan aji shida don furaktikal ɗin NECO na taitireshon, wato ɗiga asid a kan soda har su cinye juna don a gane ƙarfinsu. Na auna giram 4 na NaOH, wato soda, na narkar a lita ɗaya, na ɗebi mililita 8.6 na asid ɗin HCl mai ƙarfi na cika shi lita ɗaya. A lissafi ƙarfin kowanne 0.1 M ne (M shi ne ma'aunin ƙarfin haɗi), ya kamata mililita 25 na soda ya cinye 25 na asid. Amma da zarar buret, bututun da ake ɗigo asid da shi, ya kai wajen 22 sai metil orenj, sinadarin da ke nuna an kai ƙarshe, ya juya launi. Yara suna kallona, ni ina kallon buret.

Robar sodar tun bara aka saye ta. Ƙwayoyin sun manne sun zama dunƙule, sai da na sa bayan cokali na farfasa, saman kuma ya yi farin ɓawo. Da fiya wata na yi haɗin, don ba mu da na'urar tace ruwa, kuma ruwan sodar ya ɗan yi gari-gari. Shugaban makaranta ya ce babu kuɗin sabbin kaya sai zango mai zuwa. Ina mafita?

Ɗan Tumfure:
Malam, an sayar maka da jabu ne kawai. Sodar masu sabulu suke zubawa a roba su manna takarda. Ka mayar musu da kayansu.

Dattijo mai ritaya, Kumo:
Wa alaikumus salam. Ɗan Tumfure, a yi a hankali da ɗora wa ɗan kasuwa laifi. Ko daga Jamus aka ɗauko sodar nan jiya, in ta kwana a buɗe da damina haka za ta yi. NaOH tana zuƙar laimar iska har ta jiƙe, tana kuma kama iskar kabon ta koma sodiyom kabonet, shi ne farin ɓawon da Malam ya gani. Ka zuba ƙwaya biyar a kan sikeli a watan Agusta ka tsaya, kana gani za su fara sheƙi, lambar tana hawa. Giram 4 ɗin da ka auna, wani kaso nasa ruwa ne.

Alkalumanka ma sun nuna mai laifin. Tsohon HCl raguwa yake yi, don iskarsa na tsiyayewa duk sanda aka buɗe kwalba. Da asid ne ya lalace, da buret ya zarce 25, ba ya tsaya ƙasa ba. Tunda a 22 ya tsaya, sodar ce ta yi rauni: in asid ɗinka 0.1 ne da gaske, ita tana wajen 0.088.

Na ce “in da gaske” ne don 8.6 ɗin nan daga takardar jikin kwalba aka samo shi, kashi 36 cikin ɗari da nauyin 1.18. Wata kwalbar 37 ce, wata 35. Ba a rantsuwa da shi.

Mai kula da ɗakin gwaji, Azare:
Baba ya gama magana, ni dai hanyar gyara zan ƙara, ba kuma sai an jira zango mai zuwa ba.

Malam, duba kabad ɗinku, da wuya a rasa sodiyom kabonet busasshe, Na2CO3. Shi ake dogara da shi don ba ya canjawa da sauri. Ka gasa shi a awon zafi digiri 270 zuwa 300 na Selshiyos kamar awa ɗaya. In babu oben, sa shi a kwanon tangaran a kan yashi bisa wuta kana juyawa, kada dai ya yi ja. Ya huce a desiketa, mazubin da ke hana laima shiga, ko a kwalba mai murfin kirki. Ka auna giram 1.325 ka cika filas mai 250 zuwa kan layi, ka samu 0.05 M ke nan. Mililita 25 nasa zai ci 25 na HCl in 0.1 ne cif. Abin da buret ya ba ka da metil orenj, da shi za ka fitar da ainihin ƙarfin asid, sannan ka auna sodar da wannan asid ɗin. Lambar da ta fito ita za ka rubuta a jikin kwalba ka ba yara, ko da 0.088 ce. Lissafi bai damu da lamba ta zama kyakkyawa ba.

Kada ka canja daga metil orenj zuwa finolftalin, wani mai juya launin, a tsakiyar aiki da wannan sodar. Shi yana juyawa tun pH, ma'aunin tsamin ruwa, na wajen 8, lokacin kabonet bai gama cin asid ba, metil orenj kuwa sai tsakanin 4.4 da 3.1. Za ka samu amsa biyu daban ka ƙara rikicewa.

Fiya wata kuma ruwan sha ne, ba tataccen ruwan gwaji ba. Gishirin kalsiyom da magnesiyom na rijiyar burtsatse suna ciki, su ne suka haɗu da soda suka yi garin nan. Ka je da jarka wani asibiti ko babbar makaranta mai na'urar tacewa, lita biyar ta ishe ka. In an ba ka, ɗiga AgNO3, wato silba naitiret, a kaɗan daga ciki. In ya yi fari akwai kulorayid, a bar shi.

Sodar da ka haɗa, a roba za ka ajiye ta. In ka sa ta a kwalba mai murfin gilashi, murfin zai like, sai an fasa.

Malamin Kemistiri, Bolari:
Allah ya saka da alheri, Baba, ya ƙara lafiya. Hajiya, na gode. Na samu Na2CO3 a can ƙasan kabad, ba a ma taɓa ɓalle hatiminsa ba. Matsalar sikelinmu lamba biyu yake nunawa bayan ɗigo, ba zai ba ni 1.325 ba.

Mai kula da ɗakin gwaji, Azare:
To auna 5.30 ka yi lita guda, ƙarfin ɗaya ne, kuskuren sikelin ma ya ragu. Kashe fanka kafin ka auna. Kuma don Allah a samo wa yaran robar zuƙo ta fifet, bututun ɗiban soda, kada wani ya ja soda da baki.