Yadda ake samun ƙarin girma zuwa kujerar gaba a jirgi

Da tsofaffin matafiya suka baje kolin dabarunsu, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: ka riƙe kamfanin jirgin sama ɗaya, ko ƙawancen kamfanonin jirage ɗaya irin su Star Alliance, oneworld ko SkyTeam. Mai tsalle daga wannan jirgi zuwa wancan makin da kamfani ke ba shi a kan kowace tafiya warwatsewa yake, ba ya kai wani matsayi a wurin kamfanin. Kuma matsayin nan kwamfuta ke dubawa idan kujera ta rage a sashen 'yan kasuwa, wato sashen gaba mai tsada, sannan ta duba irin tikitin da ka yanka. Tikiti mafi araha sau da yawa ko layin ba ya shiga.

Lokaci ma da nasa. Safiyar Litinin da yammacin Alhamis ma'aikatan kamfanoni ne ke cika gaba, don haka gara Talata ko Asabar. Mutum ɗaya ya fi saurin samu a kan iyali.

Wasu sun ce a leƙa manhajar kamfanin awa 24 kafin tashi, lokacin da ake buɗe rajista, domin a kan karya farashin kujerun da suka yi kwantai.

Batun cewa caɓa ado na sa a kai mutum kujerar gaba kuwa, dariya matafiyan suka yi. Ni ma na taɓa tsayawa a bakin ƙofa cikin kwat, aka kira wani mai silifas.