Sansanin Sojan Kumasi: Gidan Ajiye Bindigogi ko Makarantar Tarihi?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum. Turawan Ingila sun gina sansanin sojan Kumasi a 1897, kuma tun farkon shekarun 1950 aka mayar da shi gidan tarihin soja. Mafi yawan abin da ke ciki bindigogi ne, da lambobin yabo, da kayan da sojojin Gold Coast (Ghana ta yanzu) suka kwaso daga fagen daga a Habasha da Burma lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shin jera makamai ya isa a kira wuri cibiyar koyar da tarihi, ko akwai abin da ya kamata a ƙara?

Hajiya ta Zango:
Wa alaikumus salam, Malam. Bai isa ba, domin babban darasin yana jikin ginin ne. A Maris na 1900 Gwamna Hodgson ya nemi Ashantawa su kawo masa Kujerar Zinare, abin da suka fi tsarkakewa a masarautarsu, ya zauna a kai, abin da ko sarkinsu ba ya yi, sai Yaa Asantewaa, sarauniyar garin Ejisu, ta ja mutanenta suka yi wa sansanin ƙawanya, har yunwa da cuta suka riƙa kashe waɗanda suka fake a gindin katangarsa. Gwamnan, wanda aka ritsa da shi a ciki, ya sulale a watan Yuni, rundunar ceto ta Turawa ƙarƙashin Willcocks kuma ba ta iso ba sai tsakiyar Yuli. Yaron da aka tsayar a tsakar gidan nan, aka nuna masa kaurin katanga da ƙarancin fili, zai gane ma'anar ƙawanya fiye da wanda ya karanta a littafi. Akwai kuma abin da mu 'yan Zango ba mu cika son faɗa ba: da yawa daga cikin sojojin da suka tsare wa Turawa sansanin, dakarun da ake kira Hausawa ne, ko da yake ba dukkansu ne Hausawan asali ba. Ya kamata masu yi wa baƙi jagora su faɗi wannan ƙarara, su kuma bayyana yadda aka ɗauke su aiki.

Baba Magini:
Hajiya ta yi gaskiya, sai dai ina jan hankali kan gyara. A tsofaffin sansanonin cinikin bayi na Cape Coast da Elmina an yi ta ƙorafi a shekarun 1990 cewa fenti da kwaskwarima suna shafe munin kurkukun bayi. Idan ana bukatar aji ko banɗaki, a gina su a gefe, kada a fasa tsohuwar katanga.

Malamin Firamare:
Na gode, Hajiya da Baba. Abin da ya rage mini shi ne, tunda rundunar sojan Ghana ce ke riƙe da gidan, wa zai rubuta bayanin da za a karanta wa yara: sojoji, fadar Sarkin Ashanti ta Manhyia, ko malaman jami'a?

Hajiya ta Zango:
Dukkansu, Malam, amma a ajiye wa dattawan Zango kujera a zaman.